Daga Shu'aiba Zuwa Makka: Tafiyar Ruwan Alhazai

Duk wanda ya taɓa buɗe famfo a Mina ran jifa ya ga ruwa ya zubo da ƙarfi, da wuya ya tsaya ya tambayi kansa daga ina ruwan nan ya fito. Ƙasar Makka ba kogi, ba tabki, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi. Wannan tambaya ce ta sa bayan na gama Umra na nemi wani direba, Bahaushe haifaffen Makka, na ce ya kai ni in ga mafarin ruwan. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai sai mu tafi bakin teku."

Muka kama hanya da hantsi, muka nufi kudu maso yamma. Tafiyar kusan kilomita 100 ce, ba abin da ido ke gani sai baƙaƙen duwatsu da rairayi, sai raƙuma nan da can. Da muka doshi Bahar Maliya sai ga dogayen bututan hayaƙi sun tokare sama. Nan ne Shu'aiba.

Shi wannan wuri tsoho ne a tarihi. Nan ne mashigin jiragen ruwan Makka a da, kuma daga nan Musulmin farko suka shiga jirgi zuwa Habasha. Sai a zamanin Sayyidina Usman aka mai da tasha Jidda. Yau kuwa abin da Shu'aiba ke aika wa Makka shi ne ruwan sha. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka kafa masana'antar cire gishiri daga ruwan teku a nan, aka yi ta ƙara wasu. Tsofaffin injuna dafa ruwan suke yi, su tara tururin ya koma ruwa. Sababbin kuwa matsa shi suke yi da ƙarfi ta cikin wani irin rariya mai laushi wadda gishiri ba ya iya ratsawa. Masana'anta ta uku kaɗai an gina ta ne don ta ba da lita miliyan 880 a kowace rana.

Daga bakin titi muka tsaya, don ba a shiga sai da izini. Ina cikin mamakin girman injunan sai direban ya nuna mini wata shararriyar hanya da ta miƙe cikin daji ta nufi gabas. Ya ce bututan suna kwance a ƙarƙashinta. A nan ne na gane cewa tace ruwa rabin aiki ne kawai. Ko da masana'anta ta tace teku duka, abin da bututu ya iya ɗauka shi ne zai isa gari.

Abu uku ke iyakance ƙarfin bututu. Na farko faɗinsa: in aka ninka faɗin bututu sau biyu, sararin cikinsa ya ninku sau huɗu. Na biyu nisa, domin ruwa yana gogar jikin ƙarfe yana rasa ƙarfi, sai an kafa tashoshin turawa a kan hanya. Na uku tudu. Wannan ruwa na Shu'aiba har Ɗa'ifa ake kai shi, garin da ke bisa duwatsu wajen ƙafa 6,000 sama da teku. Kowace lita sai an ɗaga ta da wutar lantarki kafin ta hau can. In aka ce a tura ruwa fiye da abin da aka auna wa bututu, kuɗin wuta ya hauhawa, ƙarfen kuma ya shiga haɗarin fashewa.

Misalin da ya fi fitowa fili yana gabashin ƙasar. A 1983 aka fara tura ruwa daga Jubail, a bakin Tekun Fasha, zuwa Riyad. Tsawon hanyar kilomita 466 ne, wato kusan mil 290. Bututu biyu aka shimfiɗa kafaɗa da kafaɗa, kowanne faɗinsa inci 60, har yaro ya iya tafiya a tsaye cikinsa. An auna su su ɗauki lita miliyan 830 a rana. Da birnin ya bunƙasa suka kasa, sai da aka jawo wasu daga Ras al-Khair. Madina ma haka take, daga Yanbu ake turo mata.

Matsalar Makka ta fi ta Riyad wuya. A 2019 alhazai kusan miliyan biyu da rabi suka taru, kuma cikin kwana biyar ko shida suke bukatar ruwan sha da wanka da alwala a wuri guda. Ba a gina bututu don mako ɗaya. Saboda haka aka gina manya-manyan tankuna a Mu'aisim, kusa da Mina, ana cika su tun kafin watan Zulhajji ya kama. Ruwan da alhaji ke alwala da shi ran Arfa, mai yiwuwa ya baro teku tun shi yana gida yana haɗa kaya.

A kan hanyar komowa muka biya ta gindin Dutsen Arfa, inda har yanzu ake ganin kufan magudanar da Zubaida, matar Haruna Rashid, ta sa aka gina fiye da shekara 1,200 da suka wuce. Ita daga Wadi Nu'uman ta jawo ruwa, gangare ya yi mata aiki. Na yanzu kuwa hawa yake yi, ran da injin turawa ya tsaya, ruwa ya tsaya.

Da magariba na shiga wurin alwala na tarar da wani ya bar famfo a buɗe ya tafi. Na tuna Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ɗaya ba. Na miƙa hannu na rufe. Maniyyatan bana, in Allah Ya kai ku, ku tuna da nisan da ruwan nan ya sha kafin ya iso hannunku.