Hoton Inna

Sa'ad da Baba ya rasu a shekara ta 2019, muka bincike gida kaf, ba mu sami hotonsa ba sai na katin zaɓe. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na yi alkawari ba za a maimaita wannan a kan Inna ba. Na yi ta tari daga ɗan albashina na koyarwa, har na je Sabon Gari a Kano na sayo tsohuwar kyamara, Canon.

Da hutun Kirsimati na tafi gida Kaikai. Na tsai da Inna a gaban rumbu da tsakar rana, na bar kyamara ta zaɓi kome da kanta. Da na duba, ga sararin sama fari fat da hazo, amma fuskar Inna baƙa ƙirin kamar bayan tukunya. Daga baya na gane dalili. Kyamara takan auna hasken wurin duka. In bayan mutum ya cika haske sai ta rage, fuska kuwa ta ɓace.

Sai na juya ta zuwa harafin M, na zama ɗan makaranta ina da shekara 44. Abu uku na koya. Na fari, ƙofar gilashi: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, wato f/4 ta fi f/16 shigar da haske. Na biyu, saurin ƙiftawa: 1/500 yakan tsai da akuya tana gudu, amma in ya yi ƙasa da 1/60, rawar hannu takan ɓata hoto. Na uku, ISO: 100 a rana, 1600 a cikin ɗaki, sai dai hoton yakan fito da tsaki-tsaki. In ka ƙara ɗaya, sai ka rage wani. Awakin gidanmu sun sha ɗauka!

Wata rana da la'asar sakaliya na zaunar da Inna a inuwar bedi, na sa f/4 da 1/125. Fuskarta ta fito sarai.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Na tura hoton a waya, na shiga gyara da Snapseed. Na goge tamoji, na haskaka fata, har zanen kumatunta na share. Na kai Kankia aka wanke, na kawo mata ina murna.

Ta daɗe tana kallo. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Sai ta ce, "Kai, wannan 'yar wane gida ce? Ina askar gidanmu? Da ita aka san ni, da ita ubanka ya aure ni. Haka za ka nuna wa jikokina?"

Kunya ta rufe ni. Ni da nake hana yara ƙarya a aji, ga shi na yi ta da hoto. Allah ya taimake ni ban share na asali ba. Shi na koma na wanke, haske kaɗan kawai na ƙara. Yanzu yana rataye a ɗakinta, kowane baƙo sai ta nuna masa.

'Yan'uwa, in kuna da tsofaffi a gida, kada ku ce sai gobe. Ku ɗauke su da safe ko da yamma, a inuwa, ko da waya ce. Ku wanke a takarda, ku rubuta suna da shekara a baya. Ku kuma bar musu fuskarsu yadda Allah ya yi ta.