Ƙwallon Da Na Soke

A shekarar 1991 aka miƙa mini usur in yi alƙalancin wasan ƙarshe na gasar unguwanni, don kawai ni malamin makaranta ne, ana ganin ba zan yi son kai ba. Saura minti biyu a tashi, ƙanena ya jefa ƙwallo a raga. Nan take na busa satar gida, domin sa'ad da aka turo masa ƙwallon kafaɗarsa ɗaya da ɗan bayan ƙarshe. Ya rugo yana cewa, "Yaya, ai layi ɗaya muke!" Na ce, "Shi ya sa na soke." Aka tashi canjaras, suka sha kashi a bugun fenariti.

Sai bayan wata biyu na ji a rediyo cewa tun 1990 aka sauya dokar: wanda ya yi daidai da ɗan baya bai yi satar gida ba. Ashe tsohuwar doka na riƙe. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Girman kai ya hana ni ba shi haƙuri sai bayan shekara goma.

Dokar kuwa ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2005 aka ce ba a lissafa hannu, a gasar cin kofin duniya ta 2018 kuma aka shigo da na'urar VAR, ga shi har yau ana gardama a kan ɗan yatsan ƙafa. Shi ya sa, mai karatu, in gidan kallo ya ɗauki zagin alƙalin wasa, ni sai in kama bakina. Na taɓa riƙe usur.