Ranar da Makirufo Ya Kunyata Ni a Gyallesu

Ina aji biyar a sakandare na fara bin yayana wajen sana'arsa ta hayar lasifika. Shagonsa yana Tudun Wada, kuma da wuya mako ya ƙare ba a kira shi biki ko walima ko taron makaranta ba. Aikina ɗaukar kaya da naɗe waya, amma a raina na riga na zama injiniya. Shi ya sa wata Asabar da aiki biyu suka haɗe masa, ya ce in je in kula da walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya da ke unguwarmu ta Gyallesu, ban ko tsaya yin tambaya ba.

Malamin da zai yi nasiha da addu'ar rufe taro dattijo ne, shi ya karantar da iyayen mafi yawan masu saukar. Tsufa ya rage masa murya, hannunsa kuma yana rawa, ba zai iya riƙe makirufo na tsawon lokaci ba. Sai na ɗauko ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a riga, irin wanda kuke gani a ƙirjin masu karanta labarai a talabijin. Na maƙala masa a bakin aljihun babbar riga. Lasifikoki biyu kuwa na jingina su da bango a bayansa, don kada su tare wa jama'a gani.

Malam ya yi bisimilla, bakinsa yana motsi, amma ko sahu na uku ba a ji. Daga can baya, inda mata suke, aka ce, "Ba ma ji!" Na murɗa maɓallin ƙara sauti. Aka sake cewa ba a ji, na ƙara murɗawa. Sai lasifikokin suka kwarma wani irin kuka mai tsinin gaske, yara suka toshe kunne, wani jariri ya fashe da kuka. Na rage, murya ta ɓace. Na ƙara, kukan ya dawo. Ana haka Malam ya naɗe hannun rigarsa bisa kafaɗa, yadin ya rufe makirufon ruf. A ƙarshe ya cire shi ya miƙo mini, ya ce, "Bar shi, ɗana, Allah yana ji." Ya ƙarasa addu'a da muryarsa. Iyaye matan da suka yi shekaru suna jiran wannan rana sun shafa fatiha ne kawai don sun ga na gaba sun shafa.

Da dare na ce wa Yaya makirufonsa ya lalace. Bai yi mini faɗa ba. Washegari ya haɗa kayan a tsakar gida, ya ce in jera su daidai yadda na yi jiya. Da ya ga inda na ajiye lasifika sai ya yi dariya.

"Kai, wa makirufon nan yake saurare, Malam ko lasifika?"

"Malam mana, Yaya."

"Duk wanda ya fi ƙarfi a kunnensa shi yake ji. Ba shi da sani ba shi da sabo."

Nan ya warware mini. Yawancin irin waɗannan ƙananan makirufo suna ɗaukar sauti daga kowane ɓangare. Idan lasifika tana bayan mai magana, abin da ta fitar zai koma cikin makirufo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake komawa. Wannan zagayen shi ne kukan da na ji. Masu karanta labarai ba sa gamuwa da shi, domin babu babbar lasifika a ɗakin da suke zaune.

Sauran bayanin a darasin fiziks na same shi. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma duk lokacin da tazara ta ninka biyu, sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Makirufon hannu yakan tsaya kamar santimita 5 daga baki. Wanda na maƙala wa Malam ya kai santimita 40. Daga 5 zuwa 10, zuwa 20, zuwa 40, ninki uku ke nan, wato na zubar da kusan desibel 18 tun kafin in taɓa maɓalli. Malamin fiziks ya kuma gaya mana cewa ana kiran wannan kuka da sunan Larsen, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak da ya yi nazarinsa. Na ji ɗan sanyi a raina da na san matsalar ta girme ni.

Bayan shekara guda aka sake walima a makarantar, ƙanwata tana cikin masu sauka. Na roƙi Yaya ya bar mini aikin. Tun da hantsi na isa. Na fito da lasifikokin gaban rumfar malamai, na ɗora su a kan ƙafafunsu sama da kan mutane, suna fuskantar jama'a. Na sa sabon batir. Na tsayar da wani yaro a inda Malam zai zauna yana karatu, ina ƙara sauti sannu a hankali har na ji alamar kuka zai taso, sai na rage kaɗan, na yi wa wurin alama da biro. Iyakata ke nan, komai ihun 'yan baya.

Da Malam ya iso na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, yau a wuyan 'yar ciki zan maƙala, kuma ina roƙon kada hannun riga ya rufe shi." Ya dube ni, ya gane ni, ya ce, "To, injiniya." Na auna, tazarar ba ta wuce taki ɗaya daga bakinsa ba. 'Yan mata masu karatu kuwa makirufon hannu na ba su, don na gwada da ƙanwata a gida na ji yadda hijabi yake gogar ƙaramin yana danne murya. Da aka zo kan Malam na kashe duk sauran makirufo, domin kowane ɗaya da aka bari a kunne ƙofa ce da kuka zai shigo ta cikinta.

Muryar ba ta fito da amo irin na mai wa'azin kasuwa ba. Muryar tsoho ce, a hankali, da ɗan rawa-rawa. Amma da ya ambaci iyayen da suka yi ɗawainiyar yaran nan, na ji amin ta taso daga can sahun ƙarshe, a daidai gaɓar da ya kamata, kuma na tsinci muryar Umma a ciki.

Idan a makarantarku ku ne ake ba wa kayan sauti ranar raba kyaututtuka ko wasan kwaikwayo, ku riga kowa zuwa, ku gwada kafin kujeru su cika. In aka ce ba a ji, kafin hannu ya kai kan maɓalli, ku fara duba abu biyu: nisan makirufo da baki, da inda lasifika take.