Dalilin da ya sa filtar baƙi da fari ba ta ba ka hoton 'yan gayun da

Kwanan nan samari da 'yan mata sun koma yayin hoton baƙi da fari irin na da, wanda haske ke dukan fuska da tufafi, baya kuma ya yi duhu ƙirin. Da yawa suna kawo min waya shago wai kyamararsu ta lalace, sun sa filta amma hoton ya fito dishi-dishi. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Matsalar daga haske take.

Duk mai son ganin asalin wannan salo ya nemi hotunan Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2016. A 1956 ya sayi kyamararsa ta farko, Brownie Flash. Bayan Mali ta samu 'yancin kai a 1960, sai ya riƙa bin wuraren rawar matasa da daddare, kowa ya ci ado, wani da kwat, wata da atamfa, daga baya ga wando mai faɗin ƙafa da tabarau. Yakan koma ya wanke fim ɗin a daren, ya manna ƙananan hotunan a kwali, masu su su zo su zaɓa. Akwai wani na 1963, saurayi da ƙanwarsa suna rawa, ita ba ko takalmi a ƙafarta. Kwat ɗinsa da rigarta sun ɗauki haske, bayansu dare ne. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Banis ta ƙasar Italiya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da hoto mai kala ya zo kasuwarsa ta ja baya, gyaran kyamara ya kama. Ashe ɗan uwanmu ne a sana'a.

To me ya raba haskensu da namu? Filashin da ƙwai ne mai siririyar waya a ciki, ta ƙone sau ɗaya a jefar. Daga baya aka samu bututun iskar zenon. Shi wannan akwai kafasita da ke tara wuta kusan bolt 300, sai ta sake ta gaba ɗaya cikin kamar kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Shi ya sa ko mutum na tsalle hoton ke tsayawa cak, har zaren ɗinki ka gani. Wayoyi irin su Nokia N8 da Lumia 1020 sun zo da shi, kuma duk mai gyaran da ya san kansa ba ya kai yatsa wurin kafasitar nan sai ya tabbatar ta sauke wuta. Wayoyin yanzu kuwa LED ne a jikinsu. Tocila ce fa, ita ce dai wadda kake haska ɗaki da ita idan an ɗauke wuta. Haskenta ba ƙarfi, dole kyamara ta daɗe a buɗe, hannu ya ɗan motsa shi kenan hoto ya yi hazo.

Duhun bayan nan ma lissafi ne. Idan ka ninka tazara sau biyu, hasken da ke isa wurin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Wanda ke kusa ya sha haske, bango mai nisa ya nutse. Wayarka kuma ba ta son duhu, da ta gan shi sai ta kunna yanayin dare, ta haɗa hotuna da yawa, ta haska ko'ina, ta goge fuska sumul. Abin da kake nema shi take gyarawa.

Don haka ka fara kashe yanayin dare da na gyaran fuska, ka sa filashi a kunne dole maimakon ya zaɓa da kansa. Ka goge gilashin kyamarar, maiƙon yatsa na watsa haske. Ka tsaya kusa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wuce nan LED ba ta da abin yi. In kana son baƙar inuwa mai kaifi, mutum ya jingina kusa da farin bango. In duhu kake so a baya, ya nisanci bango. Ka taɓa fuskarsa a sikirin, ka ɗan ja hasken ƙasa, sannan ya tsaya cak kamar ana ɗaukar fasfo.

Sai tufafi. Tunda kala za ta tafi, zane ne ke magana. Ja da kore masu duhu ɗaya sukan koma toka iri guda, amma atamfa mai manyan zane, saƙi mai ratsi, ko farar shadda mai aiki a wuya, waɗannan suna fita sosai. Filta ita ce ta ƙarshe, kuma kar ka cika mata ɗigo-ɗigon nan. A fim, ƙwayoyin azurfa ne ke haifar da su, kuma a hotunan situdiyo na Sidibé da kyar ma za ka lura da su.