Abin da Ke Sa Gwani Ya Amsa wa Baƙo Kyauta

A al'adar sana'a ta ƙasar Hausa, sani dukiya ce da ake tsarewa. Maƙeri ba ya buɗe wa kowa sirrin ƙira, kuma yaron kafinta yakan yi shekaru yana share shago da miƙa guduma kafin a nuna masa abin da ya zo nema. Har gobe haka ake koyo a kasuwar Panteka ta Kaduna, haka ake yi a garejin kanikawan da ke jere a bakin hanyar Zariya, daga Kawo zuwa Rigachikun. Amma kuma mai gyaran waya ko mai haɗa sola a Rigachikun ɗin nan zai iya ɗaukar hoton na'urar da ta gagare shi, ya tura wa abokan sana'a ta WhatsApp, kafin la'asar wani gwani a Kano ko Maraɗi, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya gaya masa inda cutar take. Ko sisi ba a biya ba. Me ya kai gwanin ga wannan?

Dalili na farko shi ne bashi. Kusan duk mai amsawa a yau ya taɓa tsayawa cirko-cirko gaban aikin da ya fi ƙarfinsa, wani ya fitar da shi. Wannan gayya ce irin ta manoma: a taya ka noma yau, ka taya wani gobe. Bambancin kawai shi ne, a nan wanda ka rama wa ba lalle ne shi ya taimake ka ba.

Na biyu, amsawa kanta karatu ce. Mutum yakan ɗauka ya fahimci abu, sai ya zo bayyana shi ga wani ya tarar da giɓi. Malamai sun fi kowa sanin haka. A Rigachikun hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976 don horar da malamai daga nesa. Koyar da wanda ba ya gabanka yana tilasta ka tsara bayani daki-daki, domin ba za ka ga fuskarsa ka gane ya ruɗe ba. Ga shi kuma mai amsa tambayoyi yana cin karo da matsalolin da a shagonsa kaɗai sai ya shekara bai gansu ba.

Na uku suna ne. Lokacin da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe Stack Overflow a 2008 domin masu rubuta manhajar kwamfuta, ba su yi wa kowa alkawarin kuɗi ba. Maki suka tanada: duk amsar da jama'a suka yaba, sai darajar mai ita ta ƙaru a idon kowa. Gwanin Kaduna ma ya san wannan lissafi. Wanda aka shaida da warware matsala, shi ake tura wa babban aiki idan ya taso. Kuma ita na'urar zamani tana sauyawa duk shekara, don haka sirrin da aka ƙulle a ciki yakan tsufa kafin a ci moriyarsa.

Sai dai wannan kyauta tana da mai cin ribarta. A 2021 an sayar da Stack Overflow ga kamfanin Prosus a kan dala biliyan 1.8, alhali darajarsa amsoshin da mutane suka rubuta ne ba tare da lada ba. Bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, tambayoyin da ake kaiwa can sun ragu ƙwarai, domin mutane sun koma tambayar na'ura, ita kuwa daga irin waɗancan amsoshi ta koya. Idan aka daina tambayar juna, daga ina sabuwar amsa za ta fito ranar da sabuwar matsala ta ɓullo?

Ga Bahaushe, abin ya fi haka nauyi. Mafi yawan bayanin da gwanayenmu ke yi, da muryarsu suke tura shi, a cikin rukunin da baƙo ba ya shiga. Wayar ta lalace ko ta cika a goge, shi ke nan ya tafi. Yadda zafin Afrilu ke cinye batirin sola, ko yadda ƙurar hunturu ke toshe janareta, ilimi ne da aka samo a nan, da kuɗi da asara. Injiniya ko malamin da ya ware rabin sa'a ya rubuta irin wannan amsa da Hausa, a inda mai bincike zai same ta, ya amsa wa mai tambayar yau, ya kuma amsa wa yaron da bai ma fara koyon sana'ar ba tukuna.