Tafintan da Ya Buƙaci Tafinta

Shekara da shekaru ina nuna wa ɗalibaina wata taswirar duniya da aka shafa wa ƙasashen Ingilishi launi guda: Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya, Indiya, Fakistan, da babban yanki na Afirka. Nakan ce musu ƙasashe fiye da 50 ne suka ɗauki harshen a matsayin na gwamnati, saboda haka wanda ya iya shi ba ya ɓata a duniya. Farkon maganar gaskiya ne. Ƙarshenta ni na ƙara da kaina, kuma kawuna ne ya biya kuɗin ƙarin.

Kawu yana sarin takalman roba a Kano yana kaiwa Mubi. Da ya yi niyyar tsallakawa da kaya Garwa, sai ya ce zai nemi ɗan rakiya mai jin Fulatanci. Na hana shi. "Haba Kawu, ina raye? Ai Kamaru tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila tun 1995, Ingilishi harshen gwamnati ne a can." Ya dube ni ya ce, "To, ku ne 'yan boko."

A Garwa mai ɗakin ajiya ya miƙo mana takarda da Faransanci. Na yi masa Ingilishi, ya girgiza kai. Ya yi mini Fulatanci, na yi tsuru. A nan ya kamata in ce ban gane ba, amma girman kai ya hana. Na bi layukan da yatsa, na tsinci kalmomin da suka yi mini kama da Ingilishi, na ce wa Kawu kuɗin ajiyar na wata ne. Ya dangwala hannu. Ashe na mako ne. Ranar kwashe kaya, wani yaron tasha, Bahaushe haifaffen garin, shi ya karanta mana takardar, yana juya harshe uku ba gargada. Ribar tafiyar a nan ta tsiyaye. Kawu ya ƙirga kuɗi ya biya, bai ce mini uffan ba. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin haushin, tarihin ba baƙo ba ne a wurina. Bayan an kori Jamus a 1916, Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka na Kamaru, Ingila ta samu siririn yanki a gefen Nijeriya. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961, arewacin wannan yanki, har da Mubin da muka taso, ya zaɓi Nijeriya, kudanci ya koma Kamaru. Daga nan aka samu jihohi biyu na Ingilishi cikin goma, wuraren Bamenda da Buea, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar suke. Can ma a kasuwa broka ake yi. Kuma da harshen ya ratsa ƙasar yadda nake zato, da lauyoyi da malaman makarantar yankin ba su shiga yajin aiki a 2016 ba kan turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci, rikicin da ya koma na bindiga.

Taswirata tsarin mulki take ƙirgawa, ba bakunan mutane ba. Indiya, wadda na fi yawan kafa hujja da ita, a ƙidayar 2011 kusan mutum ɗaya ne cikin goma ya ce yana jin Ingilishi. A duniya ana ƙiyasta masu jinsa da biliyan 1.5 cikin mutum biliyan 8, yawancinsu kuma a makaranta suka koya.

Ban ce harshen ba ya yaɗuwa ba. Ruwanda ta mayar da karatunta zuwa Ingilishi a 2008, Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar rainon Ingila a 2022, ita ma Nijar a 2025 ta sa shi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma mai kai kaya Maraɗi ko Damagaram gobe, da Hausarsa zai yi ciniki, takardar kwastan kuwa da Faransanci za a miƙo masa.