Tambayar Da Na Taho Da Ita Daga Furfuri

Ran wata Asabar da kaka na shiga mota daga Gusau zuwa Furfuri, a ƙasar Bunguɗu, domin in gai da wani aminina manomi. An gama girbi, gonaki sai kara, ga dammunan gero da dawa jibge a ƙofar gidaje. Na iske shi a zaure yana auna waken suya cikin buhu.

Da muka gaisa na ce, "Maigida, tun yanzu za a kai kasuwa? Ai bai yi kuɗi ba tukuna."

Ya ce, "Malam, 'yarka ce ta sami shiga jami'a a Gusau. Kuɗin makaranta na biya. Abin da ke hana ni barci shi ne, ina za ta kwana?"

Tsoronsa da dalili. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen haya a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka sace ɗalibai mata. Tun daga ran nan iyaye suka gane masauki ba ƙaramin abu ba ne.

A hanyar komowa na yi ta tunanin yadda waɗansu suka warware wannan damuwa. Jami'ar Loyola ta Katolika da ke Chicago a Amurka takan aika ɗalibanta Roma su ƙaro ilimi. Ba ta sake su cikin birni kowa ya nemi ɗaki ba. Tun 1962 ta buɗe musu wuri nasu inda suke kwana, su ci abinci, su yi karatu, tsofaffin ɗalibai kuwa suna ba da gudummawa domin gyaransa.

Kada mai karatu ya ce wannan dabarar Turawa ce. Wajen shekara ta 1250 mutanen Kanem, kakannin Barebari, suka tara dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu. Bayan ginin ma ba su janye hannu ba, suka riƙa aika kuɗi kusan kowace shekara. Watau gini sau ɗaya ake yinsa, amma riƙonsa na kullum ne.

To, jama'a, Gusau ba ta kai nisan Roma ko Alƙahira ba. Da magidantan gari kamar Furfuri za su ware buhu guda guda kowace kaka, 'yan garin da ke aiki a birni su ƙara nasu, ai da an kama gida mai katanga da mai gadi, a sa dattijuwa ta lura da 'yan mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aminina dai ya sayar da wakensa da araha. Allah ya sa baɗi kada ya ɗauki nauyin nan shi kaɗai.